Yadda ƙuduri kan addini ke fitowa daga Janiba

Aikin ƙudurin da ya shafi addini a Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke zama a birnin Janiba na Switzerland, yakan soma ne kamar mako biyu kafin a buɗe zama, a taron tsara aiki, inda kowace ƙasa ko rukunin ƙasashe ke sanar da daftarin da za ta kawo. Mu da muke zama a kujerun bayan jakadu muna bin rubutu layi-layi, tun daga ranar muke sanin irin makonnin da ke gabanmu. Hukumar na zama sau uku a shekara, amma zaman da ke kamawa a watan Maris shi ne na addini. A nan ne aka saba ganin daftari biyu. Ɗaya daga Tarayyar Turai, kan 'yancin addini ko aƙida. Ɗaya kuma daga Pakistan a madadin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, OIC, kan yaƙi da rashin haƙuri da wariya da tunzura jama'a a kan mutane saboda addininsu. Babu inda aka rubuta cewa an ɗaure su da igiya ɗaya, amma kowa a ginin ya sani: in ka taɓa nawa, na taɓa naka.

Abin da muke fara yi shi ne lissafin kujeru. Ƙasashe 47 ne mambobi, kowacce na wa'adin shekara uku: Afirka 13, Asiya 13, Latin Amurka da Karibiyan 8, Yammacin Turai da ƙawayenta 7, Gabashin Turai 6. Su kaɗai ke jefa ƙuri'a, kuma rinjaye kawai ake nema tsakanin masu "e" da masu "a'a". Wanda ya yi rowar ƙuri'a ba ya shiga lissafi. OIC na da mambobi 57, mafi yawansu a Afirka da Asiya, don haka ba ta rasa kujeru masu kauri, sai dai ba su kai ta cin zaɓe ita kaɗai ba. Turawa ma haka. Waɗanda ake zawarci su ne ƙasashen Latin Amurka da na Afirka da Asiya da ba sa cikin ɗayan ɓangarorin, kuma da yake ana sauya kusan kashi ɗaya cikin uku na kujerun duk shekara, lissafin bara ba ya amfani bana.

Daga nan sai daftarin farko ya iso ta imel. Rubutun kashi biyu ne: sakin layi na shimfiɗa, masu tunatar da abin da aka riga aka amince da shi, sai na umarni, masu lamba, waɗanda ke faɗin abin da ake son ƙasashe su yi. Mukan ɗauko ƙudurin bara mu ajiye gefe da gefe, mu ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta sauya. Dalili shi ne a wannan aiki babu abin da ya kai lafazin da aka taɓa amincewa da shi daraja. Jimlar da ta taɓa wucewa ba tare da ƙuri'a ba tana da kariya. Wanda ya nemi goge ta shi ne zai yi bayani. Sabuwar jimla kuwa, ko da ta fi tsohuwar kyau da ma'ana, mai kawo ta ne zai sha tambaya.

Wanda bai san tarihin waɗannan jimloli ba zai yi ta mamakin abin da ake ta da jijiyar wuya a kai. Sashe na 18 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta 1948 ya ambaci 'yancin mutum ya sauya addininsa ƙarara, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Saudiyya ta yi rowar ƙuri'a a lokacin. Da aka zo yarjejeniyar 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa, sai aka sassauta aka ce mutum na da 'yancin ya kasance da addini ko ya rungumi wanda ya zaɓa. Sanarwar 1981 kan kawar da wariyar addini ta ƙara rage lafazin, ta tsaya a kan ya kasance da addini ko aƙidar da ya zaɓa. Takardu uku, lafazi uku, dukansu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Saboda haka duk wanda ya ce "mu koma ga lafazin da aka amince da shi", tambayar farko ita ce: na wace shekara?

Ƙa'ida ta wajabta wa masu daftari su kira aƙalla zaman tuntuɓa guda na buɗe ƙofa kafin a yanke hukunci. A batun addini da wuya ɗaya ya isa. Ana yin sa ne a ƙananan ɗakuna na Fadar Majalisar, ana haska rubutun a bango, mai jagorancin zaman ya karanta lambar sakin layi, masu magana su ɗaga allon sunan ƙasarsu. A nan babu bambanci tsakanin mamba da 'yar kallo, kowace ƙasa na da baki. Fadar Vatikan, wadda ke da matsayin 'yar kallo ta dindindin a Majalisar tun 1964, ba ta da ƙuri'a amma wakilinta ba ya fashin irin wannan zama. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke da rajista da Majalisar, na coci da na Musulmi da na Yahudawa da na Baha'i har da na waɗanda ba su yarda da addini ba, sukan zauna a baya, kuma sau da yawa akan ba su dama bayan ƙasashe sun gama.

Abubuwa uku ne suka fi lalata aiki a wannan mataki. Na farko harshe. Majalisar na da harsuna shida na aiki, amma zaman tuntuɓa kusan kullum da Turancin Ingilishi ake yin sa, babu tafinta, kuma rubutun Larabci ko Faransanci ba ya fitowa sai bayan an shigar da daftarin a hukumance. Tawagar da ma'aikatarta a gida ke aiki da Faransanci kan gano matsala ne a lokacin da ƙofar gyara ta kusa rufewa. Na biyu ƙarancin hannu. Zama ɗaya kan fitar da ƙuduri talatin ko fiye, ana tattauna da yawansu a sa'a ɗaya a ɗakuna daban-daban. Tawaga mai jami'i biyu ko uku dole ta zaɓi inda za ta leƙa, sauran ta dogara da rahoton rukuninta. Shi ya sa matsayin da ake kira na ƙasashe hamsin da wani abu sau da yawa jami'ai ƙalilan ne suka rubuta shi. Na uku umarnin gida. A harkar kasuwanci ko lafiya jami'i na iya sassautawa da kansa. A harkar addini babu mai yarda ya motsa ko waƙafi sai babban birninsa ya ce to, domin kalma ɗaya na iya zama kanun labarai a gida washegari. Sai ka ji an ce "muna jiran umarni", a bar sakin layin a buɗe, a wuce na gaba.

Akwai kuma cinikin kalmomin aiki, wanda ya yi kama da tayi a kasuwa: mai daftari ya sa "ta yi tir da kakkausar murya" yana sane za a taya, a sauko zuwa "ta yi tir", a ƙare a "ta nuna damuwa matuƙa". Haka "ta buƙaci ƙasashe" kan koma "ta ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa". Gogaggen mai daftari yakan ajiye sakin layi ɗaya ko biyu da bai damu da su ba, don ya sami abin sallamawa.

Amma duk wannan a gefe yake. Rigimar da ta fi kowacce tsufa ita ce: wa ake karewa, addinin ko mai addinin? Ƙasashen Yamma sun tsaya a kan cewa dokar haƙƙin ɗan'adam mutum take karewa, ba aƙida ko littafi ko alama ba, kuma da zarar an ba addini kansa kariya daga suka, gwamnatoci za su yi amfani da hakan su murƙushe tsiraru da masu saɓanin fahimta a cikin addini ɗaya. Ƙasashen OIC kuma na cewa raba biyun wasa da hankali ne, domin wanda ya wulaƙanta abin da mutane ke tsarkakewa a ƙofar masallacinsu, su yake nufi, kuma daga nan ake wucewa zuwa duka da kisa.

Daga 1999 zuwa 2010 an yi ta wannan faɗa, tun 2001 kuma da ƙuri'a. Pakistan ce ta fara kawo daftari a tsohuwar hukumar da ta gabaci wannan, da sunan ɓatanci ga Musulunci, aka faɗaɗa shi ya koma ɓatanci ga addinai. Yana wucewa duk shekara, amma rinjayen na ta zaizayewa, har a Maris 2010 aka tashi 20 da 17, ƙasa 8 suka yi rowa. A watan Janairun 2011 aka kashe gwamnan Punjab Salman Taseer, a farkon Maris kuma aka kashe ministan tsiraru Shahbaz Bhatti, dukansu saboda matsayinsu kan dokar ɓatanci ta Pakistan. A cikin wannan yanayi ne aka amince da ƙuduri mai lamba 16/18 ranar 24 ga Maris 2011, ba tare da ƙuri'a ba. An cire batun ɓatanci ga addini, aka mayar da hankali kan mutanen da ake cutarwa saboda addininsu, aka jera matakai takwas da suka samo asali daga jawabin babban sakataren OIC na lokacin, Ekmeleddin Ihsanoglu: horar da jami'an gwamnati, kafa hanyar gano zaman ɗar-ɗar tsakanin al'ummomi tun da wuri, shugabanni su fito su yi tir da kalaman ƙiyayya, ilmantarwa, tattaunawa tsakanin addinai, da sauransu. Guda ɗaya tak daga cikin takwas ɗin ya yi maganar hukunci, shi ma an ƙayyade shi ga tunzurawa zuwa tashin hankalin da ke dab da aukuwa.

Wannan ƙayyadewa ba a banza aka sa ta ba. Sashe na 20 na yarjejeniyar 1966 ya wajabta wa ƙasashe su haramta yaɗa ƙiyayyar addini da ta kai ga tunzurawa zuwa wariya ko gaba ko tashin hankali. Amurka ta shiga yarjejeniyar ne da togaciya a kan wannan sashe, saboda kotun ƙolinta tun 1969 ta ce ba a hukunta magana sai in tana ingiza mutane ga karya doka nan take. Lafazin 16/18 an yanka shi ne daidai yadda Amurka za ta iya sa hannu. Duk shekara, in ka ga wani ya nemi cire "dab da aukuwa" ko ya nemi ƙara "wariya da gaba" a wannan layi, to ginshiƙin sulhun yake girgizawa, kuma ɗakin kan yi tsit.

Takardu biyu ake jifan juna da su a nan. Sharhi na 34 na kwamitin ƙwararrun da ke kula da yarjejeniyar, na 2011, ya ce dokokin ɓatanci ba su dace da ita ba sai a iyakar abin da sashe na 20 ya tanada. Sai Tsarin Rabat na 2012, mai ma'auni shida na gane maganar da ta kai a hukunta: yanayin da aka yi ta, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan da ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. A ganina wannan ma'auni ne abu mafi amfani da aka samar a duk wannan muhawara, don alƙali a kowace ƙasa zai iya aiki da shi. Matsalarsa, ƙwararru ne suka rubuta shi, ƙasashe ba su tattauna shi ba, saboda haka wasu ba sa yarda a ce an "yi maraba" da shi, iyakarsu a ce an "lura" da shi.

Wata rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta jerin sunaye. Da an ambaci ƙyamar Musulunci, wani zai nemi a ƙara ƙin jinin Yahudawa, wani ya ce a sa ƙyamar Kiristanci, Turawa su ce a ƙara waɗanda ba su da addini. A Maris 2022, lokacin da Babban Zauren Majalisar ya ware 15 ga Maris a matsayin ranar yaƙi da ƙyamar Musulunci, ranar da aka kai hari masallatai biyu a birnin Christchurch na New Zealand a 2019 aka kashe mutum 51, ƙudurin ya wuce ba ƙuri'a, amma Indiya ta yi ƙorafin an manta da mabiya Hindu da Buddha da Sikh, Faransa kuma ta ce kalmar ba ta da ma'anar da aka amince da ita a dokar ƙasa da ƙasa. Mafita biyu ce a aikace: ko a jera kowa a rufe da "da sauran addinai ko aƙidu", ko a goge jerin baki ɗaya.

Kada kuma a ɗauka layin kullum tsakanin Musulmi da Yamma yake. In aka koma batun iyali, zubar da ciki ko jinsi, taswirar kan sake zane. Tun taron yawan jama'a na Alƙahira a 1994 aka ga Vatikan da wasu ƙasashen Musulmi a sahu ɗaya, kuma ƙudurin kare iyali na 2014 ya haɗa Masar da Rasha da Sin da wasu ƙasashen Afirka. Wanda kuka yi hannun riga da shi da safe a ɗaki ɗaya, da la'asar kuna iya zama kuna kare jimla ɗaya a ɗaki na gaba.

Kamar mako guda kafin rufe zama ake rufe karɓar daftari, yawanci da ƙarfe ɗaya na rana. Ana shigar da shi ta intanet, sakatariya ta ba shi lamba mai harafin L, ta tura a fassara. Daga nan sai farautar masu sa hannu. Ƙasar da ba mamba ba ma na iya sa hannu, kuma ingancin jerin ya fi tsawonsa: ƙasa biyu daga wani yanki daban sun fi ashirin daga rukuninka. Sakatariya kuma za ta lissafa kuɗin da ƙudurin zai ci da dala, in ya nemi rahoto ko taron ƙwararru, a karanta kafin yanke hukunci. Sabon jami'i kan manta da wannan, ya cusa rahoto biyu da taro ɗaya, sai a kayar da shi da hujjar kuɗi alhali abin da ake ƙi daban ne.

Wanda bai samu biyan buƙata a zaman tuntuɓa ba yana iya shigar da gyara a rubuce. Ana jefa ƙuri'a kan kowane gyara kafin a zo kan daftarin, kuma in aka yi kunnen doki gyaran ya faɗi. In gyaran da masu daftari ba sa so ya wuce, suna iya janye sunayensu daga abin da su suka rubuta. Akwai kuma dabarar neman kada ma a saurari gyaran, wadda aka yi amfani da ita a 2014 aka toshe gyaran da ke neman a ambaci cewa iyali iri-iri ne. Tana aiki, amma tana barin ƙullaci. Galibi dai ba a kai nan. A daren ƙarshe ake sasantawa a kan kofi a farfajiya, da safe mai daftari ya karanta gyaran baki, mai ɗayan gyaran ya janye nasa.

Ranakun ƙarshe na zama su ne na hukunci, wanda aka saba yi a ɗaki na 20 mai rufin nan da mai zanen Sifaniya Miquel Barceló ya ƙawata. Mai daftari ya gabatar, a saurari sharhi, a karanta lissafin kuɗi, mambobi su bayyana matsayinsu. Mamba ce kaɗai ke iya neman a jefa ƙuri'a. In babu wanda ya nema, shugaban zama ya buga guduma, shi ke nan. Ƙasar da ba ta son ɓata taro amma ba ta gamsu ba takan ce ta nesanta kanta daga sakin layi kaza, a rubuta. Mukan adana waɗannan bayanai da kyau, don baɗi su ne hujjar cewa jimlar ba kowa ya amince da ita ba.

Yuli 2023 ya nuna abin da ke faruwa in aka tsallake waɗannan matakai da gudu. Ranar 28 ga Yuni, ranar Babbar Salla, aka ƙona Alƙur'ani a gaban babban masallacin Stockholm, babban birnin Sweden. Pakistan ta nemi muhawarar gaggawa a madadin OIC, aka yi ta ranar 11 ga Yuli, washegari aka jefa ƙuri'a kan ƙuduri 53/1: ƙasa 28 suka amince, ciki har da Sin da Indiya da Afirka ta Kudu, 12 suka ƙi, ciki har da Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Kosta Rika, 7 suka yi rowa. Babu wanda ya kare ƙona littafin a ɗakin. Kusan kowa ya yi tir. An rabu ne a kan ko za a nemi ƙasashe su hukunta aikin da doka. Kwanakin da aka bayar na tuntuɓa ba su isa umarni ya je gida ya dawo ba, kuma na yi imani da an ƙara ko mako guda da tazarar ta ragu. Ga dalilin da ya sa nake fifita ƙudurin da ya wuce ba ƙuri'a ko da ya fi laushi: ƙudurorin hukumar ba doka ba ne, ba sa ɗaure kowa. Ƙasar da ta ce "a'a" ta wanke hannunta, kuma a wannan karon ƙasashen da ake son su sauya hali su ne suka ce "a'a". Masu ɗayan ra'ayin na da amsa, ba kuma mai rauni ba: a Disamban 2023 majalisar Denmak ta yi dokar hana wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyu. Sai dai gwamnatin Denmak da kanta da tsaron ƙasa ta kafa hujja.

Bayan guduma aiki bai ƙare ba. Irin waɗannan daftari biyu kan sake bayyana a kwamiti na uku na Babban Zaure, mai kula da batun haƙƙin ɗan'adam, a New York a ƙarshen shekara, inda ƙasashe 193 ke da ƙuri'a, kuma jami'an can ba lallai su san dalilin da ya sa aka zaɓi kalma kaza a Janiba ba, don haka mukan aika musu da bayani sakin layi bayan sakin layi. Mai bincike na musamman kan 'yancin addini, muƙamin da aka kafa a 1986, wanda Nazila Ghanea ta karɓa a 2022, kan kawo rahoto ya kuma ziyarci ƙasashe, amma sai ƙasar da ta gayyace shi. Shi kuwa 16/18, hanyar bibiyarsa biyu ce: tarukan da aka fara a Istambul a Yulin 2011 ƙarƙashin jagorancin Ihsanoglu da Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka ta lokacin, waɗanda sai an sami ƙasar da ta ɗauki nauyi ake yi, da kuma bayanan da ake neman kowace ƙasa ta aika wa ofishin Babban Kwamishinan haƙƙin ɗan'adam na Majalisar kan abin da ta aiwatar. Wasiƙar neman bayanan kan isa ofishin jakadanci, a tura ta ma'aikatar harkokin waje, alhali amsar tana hannun ma'aikatar shari'a da ta ilimi da 'yan sanda, waɗanda ba su san an yi ƙudurin ba. Shi ya sa ƙasashen da ke amsawa ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da waɗanda suka amince da shi.